Wasiƙun Marigayi Jelani

Wata bakwai da binne Malam Jelani, sai ga wasiƙarsa ta iso Sakkwato.

Ba tsohuwa ba ce da ta maƙale a hanya. Kwanan watan makon jiya ne a kanta, ga sunansa, ga muƙaminsa na sakataren wata ƙungiyar manoman rani da ke Goronyo, ga adireshin imel na ofishin. Da Turanci mai santsi, irin wanda Jelani bai taɓa yi ba yana raye, wasiƙar ke roƙon duk mai tausayi ya turo taimako don waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu. Wani jami'in shirin tallafin da ya ba ƙungiyar kwamfutoci ne ya fara cin karo da ita. Ya buga ta a takarda ya aiko wa shugaban ƙungiya, Alhaji Lauwali, tare da bayanin cewa ba ita kaɗai ba ce. Dubbai ne ke fita kullum daga na'urar ofishin zuwa ƙasashen duniya, har manyan masu karɓar imel sun daina amsar duk abin da ya fito daga adireshin ƙungiyar.

Kafin la'asar takardar ta zaga garin Goronyo. Wanda ya iya Turanci ya karanta, wanda bai iya ba ya riƙe ta da yatsa biyu ya yi a'uziyya. Masu ɗaurin albasa a bakin kasuwa suka ce ai dama mutumin da ruwa ya ci ba ya kwanciya da wuri, kwana biyu fa Jelani ya yi a cikin gulbi kafin a same shi. Malamai suka tsawata, suka ce mamaci ba ya rubutu. To, in mamaci ba ya rubutu, wani mai rai ke nan yake yi, kuma mutanen Goronyo ba su daɗe suna nema ba. Laftof ɗin marigayin yana hannun matarsa Turai. Littafin da yake rubuta kalmomin sirri yana hannunta, an aika karɓa tana takaba ta hana. Sannan wani direba ya rantse ya gan ta sau uku tana shiga shagon intanet a Achida, ita da ke zaune a Wurno. Me ya kai malamar firamare, gwauruwa mai goyo, har Achida in ba abin ɓoyo ba?

* * *

Ranar Litinin da hantsi Alhaji Lauwali ya tsaya da motarsa ƙofar shagon Maccido a Wurno.

Maccido mai gyaran kwamfuta ne, amma har gobe ɗan Tambari mai bin sawu ake ce masa. Ubansa, Allah ya jiƙansa, in an kore shanu a Rabah yakan bi ƙasa da ido har ya tsaya a bakin garken da aka ɓoye su. Maccido ya bi shi daji shekara tara kafin boko ya ɗauke shi. Abin da ya fi tunawa shi ne yadda tsohon yake fara aiki. Duk inda aka kira shi, kafin ya dubi sawun kowa sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya taka da ƙafarsa, ya tsuguna ya ƙare wa nasa sawun kallo. Mutane na dariya, shi kuwa yakan ce ya taɓa ganin wanda ya yini yana bin kansa.

"Maccido," in ji Alhaji, ko zama bai yi ba, "kai kaɗ ɗora na'urar ga, kai da abokinka. Kai za ka gane mi ka faruwa cikinta."

"Alhaji, wata bakwai ban taka ofishin nan ba."

"Na shina. Kowa ya shina. Amma ran Alhamis kwamiti za shi zama. In ba a samu mai wanga aiki ba, Turai za mu miƙa ga 'yan sanda. Wallahi ba da son raina ba, ɗiya ta gare ni. To, mi zan ce ma mutane?"

Maccido ya juya sukundireba a hannu. Shi da Jelani tare suka yi firamare, tare suka sha bulala, shi ya yi masa abokin ango. Ranar Larabar da kwalekwale ya kife da Jelani yana kwaso mutane daga wani ƙauye da ruwa ya kewaye, Maccido ne ya fara isa bakin gulbi. Ya yini Alhamis yana bin gaɓa har ƙafafunsa suka tsage, bai ga komai ba, don ubansa bai koya masa bin sawu a kan ruwa ba. Masunta ne suka samo gawar ran Juma'a. Tun daga nan ko hanyar Goronyo ce ta kama shi, sai ya kau da kai in ya zo daidai ofishin.

"Zan tai," ya ce. "Amma kar kowa shi taɓa ta kafin Alhamis."

Bai fayyace na'urar yake nufi ko matar ba, Alhaji kuma bai tambaya ba.

* * *

Mode maigadi ne ya buɗe masa. Tsoho ne siriri, tsohon masunci, wanda ya ɗauki gadin ofis kamar gadin masallaci.

Ɗakin na'urar ƙarami ne, taga ɗaya. Hular Jelani na nan rataye a ƙusa. Kujerarsa na nan a ɗan karkace, yadda mutum kan bar ta in ya tashi da niyyar dawowa. A ƙarƙashin tebur saba ɗin, wato kwamfutar da ke karɓa da tura wasiƙun ƙungiyar, tana ta gurnani, ƙaramar fitilarta na ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Maccido ya kau da kai daga kujerar, ya ji haushin kansa.

"Haka take yi," Mode ya ce daga bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. "Ran Juma'a da tsakar rana, ba kowa, an tai masallaci, sai in ji ta tana aiki kamar ana ba ta umarni. Ɗana, ni na ga abubuwa cikin gulbi, amma wagga ta hi ƙarfina."

"Baba Mode, mi yah hana ka kashe ta?"

"Malam yac ce ko mi za a yi kar in bari ta mutu. Ko batirin sola ya yi sanyi, in tada janareta. Bai dawo yac ce in bari ba."

"Wa ka shiga ɗakin ga?"

"Ni ɗai, in share. Sabon sakatare ba a naɗa ba, yaran ofis kuwa tsoro su kai."

Maccido ya tsuguna ya dubi ƙasa, halin gado. Sawun takalmin roba ɗaya ne, mai cinyayyen dunduniyar hagu, na Mode. Ya dubi madannan rubutu, ƙura ta kwanta a kansu lumui, har da kashin ƙadangare. An yi watanni yatsa bai sauka a nan ba.

"Ba wanda yaz zamna nan yar rubuta komi," ya ce.

Ya faɗa ne don ya kwantar wa tsohon da hankali, sai ya ga ya ƙara firgita shi. Mode ya ja da baya yana salati.

Maccido bai iya zama a kujerar ba. A tsaye ya sunkuya ya buɗe rajistar da na'urar ke rubuta duk saƙon da ya ratsa ta. Ga su nan jere, dubu bisa dubu, kowanne da lambar inda ya fito, kuma ba ɗaya daga Goronyo. Daga ƙetare suke shigowa, na'urar ta karɓa, ta tura su gaba da sunan Jelani. Ya san ya tsara ta yadda ba ta karɓar saƙon baƙo, sai na kwamfutocin cikin ofis ko na wanda ya ba da kalmar sirri. Ke nan wani ya sayar da kalmar, ko ya ba da ita. Akwai takardar saituna, inda aka rubuta wa na'urar dokokinta, amma bai buɗe ta ba. Shi ya rubuta ta da hannunsa shekara uku da suka wuce, me zai duba a ciki? Ɗakin kuma ya ishe shi. Ya kwafi rajistar ya fito da sauri kamar ana kora shi.

* * *

Turai ta koma gidan iyayenta a Wurno bayan ta fita takaba. A zaure ta same shi da yamma, ta shimfiɗa masa tabarma, ta zauna can gefe da 'yarta Tani a cinya. Ta rame har ya ji kunyar kallonta. Da can in ya zo yakan ce mata matarmu, ta ce ya fara kawo kuɗin cefane. Yau Malama ya ce mata.

"Na shina abin da yak kawo ka," ta ce. Ta tura masa wata jaka. "Ga laftof ɗin. Cikin ruwa anka tsamo shi tare da jikkar Malam."

Ya buɗe. Laka ta bushe a cikinsa, tsatsa ta ci ko'ina. Ko shi da ya iya gyara ba zai tashe shi ba.

"Littafin fa?"

Ta ɗauko shi ɗaure da zaren da Jelani ya ɗaure shi. Ƙullin ya san shi, irin na ɗaurin buhun tafarnuwa ne, kuma ya daɗe ba a kwance ba.

"Mi yas sa kinka hana su?"

"Rubutun hannunai na. Shi ɗai yar rage min."

Ya daɗe yana neman yadda zai yi tambaya ta gaba, har ita ta gaji ta taimake shi.

"Achida za ka tambaya."

"Achida zan tambaya."

Ta gyara wa Tani kwanciya. Ta ce tun tana sakatariyar matan ƙungiya aka buɗa mata imel, aka sa adireshinta a shafin ƙungiyar na intanet tare da na sauran shugabanni. Bayan takaba ta je duba sakamakon wani kwas, sai ta ga saƙo a akwatinta da sunan Malam. Ta ce ta fi minti goma ba ta iya motsa hannu ba.

"Na shina ba shi ba na, Malam Maccido. Ni niw wanke tufafin da anka tsamo shi da su. Turancin ma ba nashi ba na. Amma sunan..." Ta shafa kan Tani. "Sai nib ba shi amsa."

"Kin ba shi amsa?"

"Sau ukku. Shi yas sa nika zuwa Achida, inda ba a san ni ba."

"Mi kinka rubuta?"

"Na ce mai Tani ta fara tafiya. Na ce mai an samu albasa bana. Na ukkun ba zan gaya ma ba."

Maccido ya dube ta. Tausayinta ya kama shi, tsoro kuma ya biyo baya, don ya san kwamitin Alhaji Lauwali. In suka ji tana musayar saƙo da adireshin nan, ba wanda zai tsaya jin abin da ta rubuta.

"Kar ka gaya musu," ta ce. "Gara su ce min ɓarauniya da su ce na taɓu."

* * *

Saura mutum ɗaya da yake zargi cikin masu aika saƙo daga wajen ofis, Abdulƙadiri, wakilin ƙungiyar a Tursa ta ƙasar Rabah. Kowa ya san ya nemi kujerar sakatare Jelani ya kayar da shi, kuma bai taɓa ɓoye cewa abin ya yi masa ciwo ba. Maccido ya hau babur ran Talata yana kusan fatan shi ne. Da ya fi sauƙi.

Ya same shi a gindin wata tsamiya a bayan gari, inda sabis ke kamawa, da laftof a gwiwa da modem maƙale a jiki.

"Ɗan Tambari! An turo ka ka shinshina ni?" in ji Abdulƙadiri. "Zamna. Ni da Jelani mun yi faɗa, gaskiya ta. Amma wanda yam mutu yana ɗebo ɗiyan mutane cikin ruwa, in ci da sunanai? Haba."

"Wa kab ba kalmar sirrinka?"

"Wace kalma?"

"Wadda kaka sawa in za ka aika saƙo."

Abdulƙadiri ya yi dariya. "Wannan? Ai tun bara nim manta ta. Ba ta da amfani. Dubi nan."

Ya rubuta kalma biyu, ya danna. Ba a tambaye shi komai ba, saƙon ya wuce sumul. Maccido ya karɓi laftof ɗin, ya goge sunan Abdulƙadiri daga gurbin mai aikawa, ya rubuta Sarkin Aljanu, ya danna. Shi ma ya wuce.

Ba wanda ya sayar da kalmar sirri. Ƙofar miƙa saƙo ce a buɗe, duk wanda ya zo daga ko'ina a duniya ya miƙa wa na'urar wasiƙa da kowane suna, za ta karɓa ta kai, kamar direban tasha da ba ya tambayar mai saƙo daga ina yake. Masu damfara kuwa suna da na'urorin da ba su da aiki sai zagaya duniya suna taɓa ƙofofi. Sun sami wannan a buɗe, sun ɗauki suna da adireshi a shafin ƙungiyar, shi ke nan.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun ambaliya. Muna son aika sunayen ƙauyukan da ruwa yac ci, ta ƙi karɓa, kowa ya ruɗe ya manta kalmatai. Sai Jelani yak kira ni yac ce in sake gwadawa, ta wuce."

"Wace rana?"

"Litinin ta, bayan azahar. Kwana biyu kafin abin. Lafiya? Ka ga yadda kaz zama kuwa?"

Maccido ya tuna. Litinin bayan azahar yana kan babur a Achida Jelani ya kira shi, ana hayaniya a bayansa. Ya ce wakilai sun warwatse, na'ura ta ƙi karɓar saƙonsu, mutane na kan rufin ɗakuna suna jira. Maccido ya tsaya gefen titi ya fara karanta masa abin da zai canja don ta karɓi na kowa na 'yan kwanaki. Suna tsakiya sabis ya ɗauke. Ya kira ya kira bai samu ba, sai ya ɗauka aikin bai yiwu ba. Wannan ne kiransu na ƙarshe, kuma wata bakwai ke nan yana korar shi daga zuciyarsa duk lokacin da ya leƙo. Ya manta abu ɗaya, cewa Jelani tun suna aji uku in ka faɗa masa rabin lissafi yakan ƙarasa sauran.

* * *

Ran Laraba ya koma Goronyo. Wannan karon ya ja kujerar ya zauna. Ya hure ƙurar madannai, ya buɗe takardar saituna.

Layin da ya kamata ya ƙunshi lambobin kwamfutocin ofis kaɗai an mayar da shi na kowa da kowa. A samansa akwai 'yar tunatarwa, irin wadda masu wannan aiki kan bar wa na baya, na'ura ba ta karanta ta sai mutum. Jelani ne ya rubuta, da Hausarsa:

An buɗe saboda ruwa. Maccido ya ce zai zo ran Alhamis ya rufe.

Ya karanta ya fi sau goma. Sai yanzu ya ji muryar kansa a gefen titin Achida, tun kafin ya fara karanta saitunan: ka ji ko, na kwana ukku na, ran Alhamis in zo in rufe. Kwana uku yana yawo daga Goronyo zuwa Wurno zuwa Tursa yana leƙa fuskokin mutane, har ya sa gwauruwa ta tona abin da ke ranta, alhali bai yi abin da ubansa kan fara yi ba.

Sai Shaiɗan ya zo da shawara, kuma shawarar mai kyan gani ce. Tunatarwar nan layi ɗaya ne kawai. In ya goge shi, ba mai sani har abada. Gobe ya ce wa kwamiti ƙofa aka bari a buɗe, Turai ta fita, Mode ya fita, Abdulƙadiri ya fita. Wa ya buɗe? Marigayi. Mamaci ba a kai shi ofishin 'yan sanda, kuma ba ya musu. Shi kuwa Maccido ofisoshi shida yake kula wa da kwamfutoci tsakanin Wurno da Rabah, in maganar ta fita ba lalle ya rage da biyu ba.

Ya ɗora yatsa a kan madannin gogewa. Hular na rataye daidai saman kansa, bai ɗaga ido ba amma ya san tana nan.

"Ɗana, ka gane shi?" Mode ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Na gane shi, Baba."

"Mutum na?"

"Mutum na."

* * *

Ran Alhamis da hantsi aka taru a rumfar gaban ofis. 'Yan kwamiti bakwai a kan benci, Alhaji Lauwali a tsakiya. Abdulƙadiri ya zo daga Tursa. Mode na tsaye da sandarsa. Turai na zaune can ƙarshe da yayanta, ta ja mayafi har goshi. Bayan katanga kuwa rabin kasuwa ne, kowa ya sami uzurin wucewa ta nan.

Maccido ya bi su ɗaya ɗaya. Ya ce Baba Mode bai taɓa madanni ba, ƙura ta shaida. Ya ɗaga laftof ɗin Jelani ya juya shi, busasshiyar laka ta zubo, ya ce wannan ko sallama ba zai iya aikawa ba. Ya nuna littafin da ƙullinsa. Wani ɗan kwamiti ya ce to Achida fa? Maccido ya ce Malama ta je duba akwatin saƙonta ne, ya bincika, ba abin da ya shafi kowa a ciki. Sannan ya sa Abdulƙadiri ya aika saƙo a gabansu da sunan Alhaji Lauwali, ba tare da kalmar sirri ba. Da ya wuce, Alhaji ya dafe hularsa.

"Waɗanda ka wanga aiki ba su san Goronyo ba," in ji Maccido. "Ba su san Jelani ya rasu ba, ba su ma san ya taɓa rayuwa ba. Ƙofa sunka iske buɗe."

"Wa yab buɗe ta?"

"Jelani, ran Litinin ta ambaliya, don sunayen ƙauyuka su isa Sakkwato."

Rumfar ta ɗauki guna-guni, kuma a cikinsa akwai jin daɗi, irin na mutanen da aka sauke wa kaya. Wani ya ce Allah shi gafarta mai, amma wanga sakaci na. Wani ya ce dama Malam akwai gaggawa, bai cika tsayawa ya yi shawara ba. Wani ya ce ashe shi da kansa ya jawo wa sunansa. Alhaji ya fara gyara babbar riga zai rufe taro. Maccido ya dubi Turai. An wanke ta, ba mai kai ta ko'ina, amma ba ta ɗago ba. Ta dunƙule bakin mayafinta a hannu tana jin ana yanka mijinta a hankali, da addu'a.

Da ya yi shiru a nan, da an watse lafiya.

"Ban ƙare ba, Alhaji."

Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa masa. Ya ce ya karanta da ƙarfi, ta Hausa ce. Alhaji ya sa tabarau ya karanta: "An buɗe saboda ruwa. Maccido ya ce zai zo ran Alhamis ya rufe."

Duk idanu suka juyo kan Maccido.

"Ya yi shawara," Maccido ya ce. "Ni yat tambaya, ni nic ce shi buɗe, ni niy yi alkawarin rufewa. Shi ya yi nashi, sunayen sun isa, jiragen ruwa sun zo. Ni ban zo ba. Wata bakwai ina tsoron ɗakin can. Duk abin da anka ce ma baiwar Allah ga, da duk abin da anka yi da sunan abokina, sawuna na. In akwai wanda za a miƙa, ga ni."

Alhaji ya daɗe yana duban takardar. Daga baya ya ce ba a kai mutum ga hukuma don ya kasa cika alkawari, amma kwamiti zai sake duba maganar aikinsa da ƙungiya. Ya juya wajen Turai ya ce, "Ɗiyata, mun zalunce ki, ki yahe muna." 'Yan bayan katanga suka fara zamewa ɗaya ɗaya, direban nan ne a gaba.

* * *

Bayan azahar ya zauna gyara. Ya mayar da layin yadda yake, ba mai miƙa saƙo sai kwamfutocin ofis da wanda ya ba da kalmarsa. Ya yi wa kowane wakili sabuwar kalma tasa shi kaɗai, Abdulƙadiri na ƙorafin tsawonta. Ya zubar da wasiƙu dubu arba'in da ke layi suna jiran fita. Gurnanin na'urar ya lafa, fitilar ta koma ƙiftawa jefi-jefi. Mode ya shigo ɗakin har tsakiya yana kallonta.

Saura akwatin Jelani. Yana shirin rufe shi ya ji sallama. Turai ce a bakin ƙofa, idonta a kan hular.

"In ka rufe, sunanai ba shi ƙara zo min?"

"Ba shi ƙara zuwa."

Ta gyaɗa kai. "Amsoshina fa?"

"Suna ciki, su ukku. Ba wanda yab buɗe su. In buga miki su a takarda?"

"A'a. Nashi na. Ka rufe da su ciki."

Ya rufe. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"Malam Maccido, waccan Alhamis ɗin, ina kake?"

Ya ɗauke hannu daga madannai ya juyo.

"Bakin gulbi kake," ta ce. "Na gan ka. Ba takalmi ƙafarka."

Ta sa hannu ta sauke hular daga ƙusa, ta kaɗe ta, ta sa cikin mayafi ta fita.

Maccido ya koma kan takardar saituna. Ƙa'idar aiki ita ce in an gyara abu a goge tsohuwar tunatarwa, kar ta rikita na baya. Bai goge ba. Ya sauka layi ɗaya a ƙarƙashin rubutun abokinsa, ya sa kwanan watan ranar, ya daɗe yatsunsa na kan madannai, sannan ya rubuta:

Na zo, Jelani. Na rufe.